Shekarar Jikokin Masara

Ruwan bana ya yi jinkiri. Sau uku hadari yana haɗowa daga gabas, ya yi baƙi ƙirin kamar zai zubo, sai iska ta zo ta watsa shi, mu koma kan tabarma muna fifita. Ni yanzu ba wani noman kirki nake yi ba, gwiwa ta ƙi, amma wanda ya tashi a gidan manomi ba ya daina duban sama. Ranar Talatar da ta wuce na shiga zauren maƙwabcina Lawali in yi masa barka da haihuwa, sai na ga goyon masara manya-manya, an ɗaure su da ɓawonsu an rataye a jikin azara. Iri ne ya ajiye yana jiran ruwa. Na tsaya ina kallonsu har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, muka ƙarasa gaisuwa na fito. Amma tun daga ranar hankalina bai bar wata damina ba, wadda ta wuce shekara arba'in ko kusa da haka.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bakura da Talata Mafara, ƙasa da madatsar Bakolori. Kafin a tare gulbi, duk shekara ruwa kan cika ya malale fadama, ya bar mata laka. A nan ake shinkafa, a kama kifi a tafkunan da ruwa ya bari, in ya janye a sa dankali da albasa. Da aka tare shi, malalen ya zama ba ya zuwa sai kaɗan. Tafkuna suka ƙafe, masunta suka rataye koma. Katafila ta bi fadamar ta baje ta, aka haƙa magudanai, tsamiyar da ke nuna iyakar gonarmu da ta maƙwabta ta tafi. Mun yi damina biyu, ko uku ne, ba mu taɓa fadama ba. Abin da ya faru tsakanin manoma da hukuma a shekarun nan ba zan shiga ba. Waɗanda suka rasa mutane sun fi ni haƙƙin faɗa. Abin da zan iya shaida shi ne, lokacin da aka mayar mana da fili, kowa ya riga ya gaji, kuma rumbuna sun daɗe ba su ga cika ba.

A lokacin na gama jami'a ba da daɗewa ba, na karanta ilimin halittu, ina koyarwa a wata sakandare a Talata Mafara. Ran Juma'a bayan masallaci nakan hau mota in je gida, in dawo Lahadi. Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ya kuma zama ya yi doguwar hira da ni. In yana da magana, sai ya faɗa wa taubashinsa, Kawu Ɗan'ige, ko da kuwa ina zaune a kan tabarma ɗaya da su. Ni ma ta nan nake mayar da amsa. Kawu kuwa ba ya isar da saƙo sai ya sa masa gishiri. Da ya hango ni da jaka zai fara: “Ga Malam Boko nan. Yau kuma cikin kwaɗo nawa kunka buɗe?”

Baba ba mai dukiya ba ne, ba kuma mai sarauta ba. Abin da aka san shi da shi iri ne. Kafin a yanke gero yakan shiga gona shi kaɗai, ya bi kunya-kunya yana duba zangarniya, wadda ta cika ta yi nauyi, wadda ta nuna da wuri, wadda tsutsa ba ta taɓa ba. Ya yanke su daban, ya ɗaure, Inna ta rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi zai kore ƙwari. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. In ruwa ya kusa, mutane su zo da ƙorai tun daga ƙauyukan kusa da Morai, ya ɗibar wa kowa, ba ya karɓar komai sai addu'a. Akan ce irin gidanmu ba ya ƙarya. Wannan magana ita ce rigar da Baba ya fi ji da ita. Sai da na je jami'a na gane sunan abin da yake yi: in kana zaɓen mafi kyau shekara bayan shekara, a hankali geron kansa yana sauyawa, ya dace da tudunka da irin ruwan da kake samu. Ya yi shekaru yana yin abin da na biya a littafi, ban taɓa gaya masa ba.

A ranin da aka fara sako mana ruwa a magudana, wani malamin gona ya kawo irin masara a ɗan buhu mai rubutu. Baba ya gwada a filinsa na fadama. Ban taɓa ganin masara irin wannan ba, kuma ina jin ban sake gani ba. Tsayinta ɗaya kamar an ja igiya, ta yi goyo rana ɗaya, ta nuna tare. Mutane na tsayawa a bakin magudana suna kallo. Bayan shekarun da aka yi ana auna tuwo, Inna ta cika tukunya, har aka aika wa maƙwabta.

Sai Baba ya yi abin da ya saba. Ya zaɓi manyan goyo, ya ɗaure, aka rataye a hayaƙi.

Na gan su wata Juma'a da na shiga gaida Inna. Na fita na nemo buhun da irin ya zo a ciki, an riga an mayar da shi abin zuba gawayi, na karkaɗe na karanta. Masara mai aure ce. A makon nan ma na zana wa 'yan aji huɗu wannan darasi a allo. Kowace ƙwaya tana ɗauke da gado kashi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a cikin ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani. Masu yin irin nan sukan ɗauki masara iri biyu daban, kowace an daɗe ana tsare ta ita kaɗai har ta ƙanƙance, su haɗa su. 'Ya'yan farko su fito da ƙarfi, duk kama ɗaya, saboda abin da wannan ta rasa waccan ta rufe. Amma in ka mayar da 'ya'yan gona, gadon sai ya sake rabuwa. Abin da aka rufe ya fito fili. Wani ya ɗauko wannan kaka, wani ya ɗauko waccan. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu.

To amma a littafi na san shi. A allo na san shi, da alli, da wake dogo da gajere. Ban taɓa tsayawa a gona na gani ba. Kuma malamanmu sun hore mu kada mu ce tabbas a kan abin da ba mu gwada ba; ni kuma dama halina ne, na karɓi horon fiye da yadda aka ba ni. Kwana biyu ina juya maganar. Ranar Lahadi da hantsi, kafin in tafi tasha, na same su a zaure, Baba yana gyaran ƙotar sungumi.

Na ce, “Kawu, a gaya ma Baba, masarar ga mai aure ta. An ce wataƙila in anka maida ɗiyanta gona ba su yin kamar uwarsu. Ba lalle ba dai. Ya danganta.”

Kawu ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce yau ya ji masara da aure, saura a gaya masa wa ya yi walicci. Ya juya ya maimaita wa Baba maganar, ya ƙara wataƙila biyu a kan tawa. Baba bai ɗago ba. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ci gaba da fiƙe itacen, can ya ce, “Ɗan'ige, tambaye shi. Ya taɓa gani da ido nai?”

Na ce ban taɓa gani ba.

Baba ya ce, “To.”

Maganar ke nan. Ban ƙara ba. A mota ina ta gaya wa kaina cewa na sauke nauyi, na faɗa, kuma mai yiwuwa ma asarar ba za ta yi yawa ba in ruwa ya yi kyau.

Azumi ya faɗo a farkon daminar nan. Zafin shekarar ban san yadda zan kwatanta shi ba. Tun da hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, in ka jingina da bango sai ka ja baya. Ruwan farko ya sauka wajen goma ga wata, muka fita shuka da azumi a baki. Baba a gaba da sungumi yana sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shiga hanci yana ƙara ƙishi. Kafin azahar leɓe ya tsage, yawu ya zama kamar ƙaro, ba mai magana da wani. Mu kwanta a inuwar gawo, wanda a lokacin ma ya fara zubar da ganye, har rana ta karkata mu koma.

Gonar tudu, wadda tun kakanni gero da wake ake sa mata, Baba ya ba masara kusan dukkanta. Inna ce ta yi magana, ta ce masara ba ta jimirin ƙishi kamar gero, tudu kuma ba magudana gare shi ba. Ita ba ta ce wataƙila ba. Saboda ita aka bar wa gero 'yan kunyoyi a gefen gawo. Masu ƙorai kuwa sun zo fiye da kowace shekara, kuma ba gero suka zo nema ba. Duk wanda ya ga masarar rani yana so. A cikinsu akwai Malam Haruna, mutumin wajen Maradun, wanda gonarsa da gidansa suke ƙarƙashin ruwan madatsa. Ya zo ƙauyenmu da iyalinsa, aka ba shi aron 'yar gona. Ba shi da iri ko ƙwaya. Baba ya cika masa ƙwarya har tana zuba, ya ce ya je ya shuka da bismilla. Ina tsaye a wurin. Na tuna har na buɗe baki, sai na ga yadda mutumin ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, na rufe.

Ta tsiro da kyau, har na fara jin sanyi a raina. Aka yi sallah, aka yi noman farko. A wajen maimai ne abin ya fara nunawa. Ka bi kunya ɗaya, wannan ta kai maka ƙugu, ta kusa da ita ba ta wuce gwiwa ba, ta gaba siririya mai ganye fari-fari kamar mai ciwo. Taki ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya ya shuka. Kawu ya ce aljanu ne suka yi kiwo a gonar. Baba ya ƙara taki a gindin ƙananan, ya yi musu huɗa ta musamman, yana cewa za su kamo.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata Asabar na shiga gonar ni kaɗai, na bi kunyoyi ina duba dogaye da gajeru, sai na ji wani abu kamar murna ya taso mini. Ga abin allo a tsaye a ƙasa, da ganye, iska na kaɗa shi. Littafi bai yi ƙarya ba. Murnar ba ta daɗe ba, na tuna wannan tuwon gidanmu ne, da na gidan Malam Haruna. Na zauna a kan kunya na daɗe ban tashi ba.

Dogayen suka fitar da fure suka zubar da garinsu tun gajerun ba su fitar da gashi ba. Da gajerun suka shirya, ba sauran gari mai yawa a iska. Sannan ruwa ya ɗauke. A tsakiyar lokacin da ya kamata a ce malka ake yi, aka yi kwana da kwanaki sama fes, rana kamar bazara ta dawo. Ganye ya naɗe kamar tabarma. An fita roƙon ruwa sau biyu. Ya dawo daga baya, amma ya tarar da abin da ya tarar. A nan dole in yi adalci: ba zan ce iri kaɗai ya jawo ba. Ko sabon iri aka shuka, farin nan zai taɓa shi. Sai dai da masarar ta tashi tare, ina jin da ta riga ta cika ido kafin ruwan ya yanke. Geron gefen gawo, shi ko a jikinsa. Ya sunkuya ya jira, da ruwa ya dawo ya miƙe.

Da kaka abin da muka kwaso daga tudu jaki ya gama kwashe shi tun kafin azahar. Wani goyon kamar hannu, wani kamar yatsa, wani in ka ɓare sai totuwa da ƙwaya biyar a warwatse kamar haƙoran tsoho. Ba wanda ya zo ya yi wa Baba magana. Da sun zo sun yi faɗa, da ya fi sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta gajarta. Mutumin da kan tsaya ya tambayi gida da gajiya da iyali da dabbobi, sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce.

Juma'ar da ta biyo baya na iso bayan la'asar, na tarar da Baba a zaure ya shimfiɗa tabarma, ya jera goyon masara a kai: manya a gefe, matsakaita, ƙanana, da marasa ƙwaya. Kawu na zaune, yau ba Malam Boko, ba kwaɗo. Baba ya ce wa Kawu a tambaye ni, waɗannan ƙananan daga ina suka fito, tunda shi bai shuka ƙarami ko ɗaya ba.

Na yi bayani yadda zan iya. Na ce uwar da ya gani da rani 'yar iyaye biyu ce, kowanne da nasa rauni, a jikinta raunin ya ɓuya, a jikin 'ya'yanta ya fito. Ya ɗauki wani ɗan goyo yana juya shi a hannu. Sai ya ce, kamar yadda ƙanwata Hajara ta ɗauko gajartar kakarmu, alhali shi da Inna duk dogaye ne. Na ce haka ne, daidai haka. Ya ce ashe jikoki ya shuka. Cikin ɗan lokaci ya gane abin da nake shafe mako uku ina koya wa 'yan aji huɗu.

Sai ya ajiye goyon, ya ɗago ya dube ni. Ni, ba Kawu ba. Ban tuna ya taɓa yin haka ba.

“Ka sani tun ranar?”

Na ce na sani a littafi.

“Ka sani ko ba ka sani ba?”

Na ce na sani.

“Mi ya hana ka hwaɗi?”

Na ce ai na faɗa, Kawu shaida ne.

Ya ce, “Wataƙila kac ce.” Bai ɗaga murya ba. “Manomi kullum da wataƙila shika shuka. Ruwa wataƙila na, fari wataƙila na, tsuntsu wataƙila na. In ka kawo mai wata, sai shi zuba ta cikin sauran shi ɗauki sungumi nai. Da ka ce kada in shuka, da na ji haushi. Amma da ban cika ma baƙo ƙwarya ba.”

Ya tashi ya shiga gida. Kawu ya tattara masarar a hankali.

Tun kafin sanyi ya wuce aka fara jin hannu na taɓa ƙasan rumbu. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, da rana kunu tsararo wanda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Inna da Hajara suna fita neman tafasa da yaɗiya, a dafa a kwaɗanta da ɗan ƙuli, gida ya cika da warin ganye. Awaki suka tafi kasuwar Talata ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙarshen wata nakan ɗoro buhun dawa a mota in kawo, Inna ta raba shi biyu, rabi ya tsallaka katanga zuwa gidan Malam Haruna; umarnin Baba ne, kuma bai yarda a ce daga gare shi ba. Duk da haka dawar ba ta isa ba. Kafin bazara Malam Haruna ya kwashe iyalinsa, aka ce Gusau ya nufa. Ya zo ya yi sallama da kyau, ya yi godiya, har ya nemi gafara. Ban sake jin labarinsa ba.

Daga geron gefen gawo Baba ya zaɓi zangarniya kamar kullum, aka rataye a hayaƙi. Da ruwa ya kusa ya sa aka sauko da su, ya zauna a zaure. Kawu kaɗai ya zo da ƙwarya, yana cewa a zuba masa wanda bai yi aure ba. Baba bai yi dariya ba. Daga baya mutane sun riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, amma maganar nan ta cewa irin gidanmu ba ya ƙarya, ban ƙara jin ta a bakin kowa ba har ya rasu. Bai sake tayar mini da zancen ba. Ya koma yi mini magana ta bakin Kawu, kamar ba a yi komai ba.

Yanzu abubuwa sun sauya. Iri a shago ake saye, a leda, magudanai da yawa sun cushe da ciyawa, masu rataye iri sun yi ƙaranci. Shi ya sa na yi mamakin na Lawali. Ran Laraba na koma, na roƙe shi ya nuno mini ledar da irin bara ya zo a ciki. Ya sa aka nemo. Na sa tabarau na karanta sau biyu. Ita ma mai aure ce.

Na ce, “Lawali, kada ka shuka wannan. A yi tuwo da shi.”

Ya ce, “Malam, tabbas?”

Nan take maganganu suka taso mini: cewa in ruwa ya yi kyau asarar ba lalle ta yi yawa ba, cewa sabon iri ya yi tsada bana, cewa ban gwada wannan nau'in da hannuna ba. Duk gaskiya ne. Na haɗiye su.

Na ce, “Tabbas.”

Ya yi godiya, ya ce zai duba. Da safen nan na wuce ta ƙofar zauren, suna nan a rataye, gabas kuma ta fara haɗa baƙi. Bayan la'asar zan koma.